An Wanke Kwamfutar Kawu

Duk wanda ya zo gaisuwar Kawu ya faɗi alherinsa, kuma kusan duk gaskiya suka faɗa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne babu ko mutum ɗaya da ya faɗi sana'arsa.

Ina zaune a ɗakin matarsa, wadda muke kira Anti, kusa da Ummata, wadda ita ce yayarsa mace. Mata suna shigowa, su durƙusa, su ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai zumunci, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wannan na ƙarshen dai al'ada ce ta sa ake faɗa, domin Kawu ya iya faɗa, kuma duk garin sun sani. A waje maza sun cika rumfa, wasu daga Bunkure, wasu daga Madobi da Garun Malam, muna jiyo su ta taga suna cewa Allah ya jiƙan tsohon ma'aikacin ruwa. Aikin da ya ajiye tun ina goye shi suke kiransa da shi. Aikin da ya yi har ranar da ya faɗi kuwa, kowa ya kewaye shi kamar kashin kaji a tsakar gida.

Sai wata dattijuwa maƙwabciyarsu ce ta taɓo maganar, ita ma ta bayan gida. Ta gyara lulluɓi ta ce Allah ya yafe masa wannan wasa da ya sa a gaba, Allah ya sa kada ya zame masa nauyi a makwancinsa. Ɗakin ya amsa da amin. Umma ta zungure ni da gwiwar hannu don ta ga ban buɗe baki ba. Ban ce amin ba, kuma har yau ban ce ba.

To ni zan faɗa, tunda kowa ya ji kunya. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai ƙirƙirar gem ne. Irin wasannin nan da ake bugawa a waya da kwamfuta, shi yake zama ya tsara su, ya zana mutanen ciki, ya rubuta wa na'ura umarnin yadda komai zai motsa. Da wannan aikin ya ciyar da gidansa, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata, da shi ya yi jinyar mahaifiyarsu. Ni ma yau shi ne sana'ata a Kano, kuma a gefen teburinsa na koya. Wanda ya ga wannan abin kunya ne, ya daina karantawa daga nan.

Asalinsa dai gaskiya ne ma'aikacin ruwa ne. A ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure komai a kan kanal, wato magudanar ruwan noman rani, yake tafiya. Idan an saki ruwa a yi tumatir da albasa da shinkafa, idan ba a saki ba a zauna a yi tagumi. Kawu yana saurayi shi ne mai zagayawa a kan babur yana buɗe get, wato ƙofar ruwa, yana rufewa, yau ɓangaren wane, gobe ɓangaren wane. Sai aka kawo kwamfuta ofishinsu, aka lulluɓe ta da ƙyalle, manya suna tsoron taɓa ta. Da aka ce a tura mutum ɗaya Kano ya koyo, sai aka tura shi don shi ne wanda ba za a ji rashinsa ba. Ya dawo da ciwon da bai taɓa warkewa ba. Abu na farko da ya haɗa wani ɗigo ne shuɗi da ke bin layuka a kan allo, kai kuma kana buɗe masa hanya kana rufewa. Ya ce ruwa ne. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, amma aka ce har shugaban ofishin sai da ya makara sallar Azahar a kansa.

Da ya ajiye aikin gwamnati don ya fuskanci wannan, gidan ya yi kamar an yi mutuwa. Kaka, mahaifiyarsu, ta yi kuka. Babban yayansu, wanda muke kira Kawu Babba, ya ce ba shakka an yi wa yaron nan asiri, a nemi rubutu a ba shi. Kawu ya karɓi rubutun ya shanye, ya ce na gode, ya koma kan kwamfutarsa.

Ɗakin aikinsa a ƙarshen gida yake, ta wajen turken awaki, da faifan sola a kan kwano da batura a ƙarƙashin tebur. Kamfanoni a Legas da ƙasashen waje suna ba shi aiki, wani lokaci zane, wani lokaci gyaran wasan da ya ƙi tafiya daidai. Idan ya gama sai ya rungumi kwamfutar ya hau kan gaɓar babban kanal, domin nan ne kaɗai sabis yake tsayawa. Masu wucewa da kwandunan tumatir su ce sannu da hutawa. Ya ce yauwa, sannunku da aiki. Bai taɓa gyara musu ba, kuma wannan na daga cikin abubuwan da nake jin haushinsa a kai.

Yana yi wa kwamfuta magana kamar mai lallashin jaki. Shayinsa kullum sai ya huce ya tuna da shi. Tumatir ɗanye yake ci da gishiri da yaji, ya goge hannu a gefen riga, Anti ta yi ta faɗa. Ni kuwa Uwata yake kirana, shi da Kawu Babba duka, saboda sunan Kaka aka sa mini, kuma ba mai iya kama sunan mahaifiyarsa kai tsaye. Lokacin da na fara zama kusa da shi ina 'yar sakandare, duk sanda na ce kwamfutar nan ta yi kuskure sai ya girgiza kai.

"Ba ta da wayon yin kuskure, Uwata. Biyayya kawai ta iya. Abin da kika ce shi ta yi, ke ce ba ki san abin da kika ce ba."

Ba ya yabo. Wasan farko da na haɗa, wata akuya ce da ke cin shanya kana korar ta, mummuna ƙwarai, ƙafafunta ma ba su kai ƙasa ba. Ya zauna ya buga shi tun daga Azahar har La'asar, fuskarsa a murtuke kamar mai duba marar lafiya. Da ya gama ya ce akuyar tana da hali, saura ƙafa. Na fita bayan ɗaki na yi tsalle, don a bakinsa wannan lambar yabo ce.

Yadda yake gwada aikinsa ma daban ne. Ba ya ba 'yan boko. Sai ya tafi wajen matan da ke turara shinkafa, ko masu lodin tumatir a bakin titi, ya miƙa wa wanda bai taɓa buga gem ba waya, ya maida hannuwansa baya ya yi shiru. Ko mutum ya rikice ya roƙe shi ya nuna masa inda zai danna, ba zai ce uffan ba. Ya ce in dai sai ya yi bayani, to bai gama aiki ba. Sau da yawa ya dawo gida ransa a ɓace ya rushe aikin mako guda, saboda wata tsohuwa ta kasa gane wace alama ce ta ruwa.

Wasan da ya yi suna da shi a yankinmu shi ne wanda ya sa wa Rabon Ruwa. Kai ne mai get. Ruwa yana zuwa daga babban kanal, gonaki suna jere, na kusa da na nesa, kowa yana jira. Ka cika wa na kusa, na ƙarshen layi su bushe. Ka yi jinkiri, tumatir ya yi yaushi. Ga tsuntsayen jan-baki suna sauka a kan shinkafa, ga gaɓa tana ɓallewa. Ba ya buƙatar data, daga waya zuwa waya ake tura shi, har ya zamana da wuya ka ga matashi tsakanin Kura da Garun Malam da ba shi da shi. Manya ma suna bugawa, sai dai su juya baya tukuna.

Wani kamfani a Legas ya so ya saya ya kai shi duniya. Suka ce sai dai a ƙara zakuna da giwaye don a san Afirka ce, kuma a gyara ta yadda babu gonar da za ta bushe, domin wai mutane ba sa son su faɗi. Ina wurin ya amsa musu a waya. Ya tambaye su zaki nawa suka taɓa gani a Kura. Sannan ya ce wasan da gona ba za ta iya bushewa ba, ba rabon ruwa ba ne, wankan jarirai ne. Ya kashe wayar ya ci gaba da cin tumatirinsa. Anti ba ta yi masa magana ba har washegari, kuma ban ga laifinta ba.

Amma wanda ya ƙi sauraron kamfani ya saurari makiyayi. Wani Bafulatani daga rugar da ke bayan gonakinmu ya tare shi a kasuwar Bunkure ya ce ya ga wasan a wayar ɗansa, kuma shanu ba sa fitowa a ciki sai don su yi ɓarna. Ya ce, mu ba ma shan ruwa ke nan? Kawu ya tsaya kamar an mare shi. Ya bi mutumin har ruga, ya wuni, ya sha nono, ya dawo ya sa burtali da mashaya a cikin wasan, ta yadda idan ka toshe wa shanu hanya, laifinka ne idan sun shiga albasa. Manoma suka yi ta ƙorafi. Ya ce su je su buɗe burtalin gaske, shi ma zai buɗe baki ya ba su haƙuri.

Yanzu sai rigimarsa da yayansa, domin duk abin da ya faru daga baya daga nan ya taso.

Gonar Kawu Babba a bakin get take, ruwa ta kansa yake fara bi. Yana da ɗabi'ar sa leburori su jera buhunan yashi a ƙaramin kanal, ruwa ya taru ya malala gonarsa, na ƙarshen layi su samu laka. Kowa ya sani, ba mai iya faɗa, don mutum ne mai faɗa a ji. Kawu ya same shi ya yi masa magana a matsayin ƙani. Kawu Babba ya ce masa kai da ka bar aikin ruwa ka koma wasan yara, ina ruwanka. Kawu ya koma ɗakin aikinsa. Bayan 'yan watanni sai ga sabon mutum ya bayyana a cikin Rabon Ruwa: ƙato mai tumbi, da jar dara, da lema a hammata, yana tafiya kafaɗa ɗaya a karkace, yana sanɗa yana jera buhuna. Idan ka danna shi a kan lokaci sai ya faɗa kanal tsundum, darar ta tafi tana yawo a kan ruwa.

Ba a sa suna ba, ba a kuma buƙata. Jar dara da lema da karkatacciyar kafaɗa mutum ɗaya ne a duk yankin. Kawu Babba ya daina sa darar, abin bai hana ba. Ya wuce majalisa ya ji ƙarar tsundum daga wayar wani, sai a yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Buhunan yashi dai sun ɓace daga kanal. Gaisuwa ma ta ɓace tsakanin 'yan'uwan, sai ta dole a gaban Kaka. Ba zan ɓoye ba, Kawu ya wuce gona da iri, don babu wanda ya cancanci jikokinsa su riƙa jefa shi a ruwa da yatsa. Ni ma na yi dariya, na kuma sha danna shi.

Kaka ce ta kira shi. Lokacin ƙafa ta fara ƙi, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Ka cire ɗan'uwanka daga cikin wayar mutane." Ya ce to, Inna. Da muka koma ɗakin aiki ya dafe kai ya ce ya ɗauki alkawarin da bai san yadda zai cika ba. Abin da ya riga ya bazu daga waya zuwa waya ba a kiransa ya dawo. Hanya ɗaya ce: ya yi sabo wanda ya fi tsohon daɗi nesa ba kusa ba, har mutane su goge tsohon da hannunsu don su samar wa sabon wuri.

Wannan sabon shi ne aikin da ya cinye sauran shekarunsa. Yana yin na kamfanoni don a ci abinci, yana yin wannan don alkawari. Ya cire mai jar dara gaba ɗaya. Kuma ya yanke cewa muryar Kaka ce za ta riƙa ba da labari a ciki. Ya rataye barguna a bangon ɗakinta don kada amo ya dawo, ya sa aka ɗaure awaki nesa, ya ajiye mata abin ɗaukar magana a kan ƙwarya. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba 'yar rediyo ba ce. Da ta saki jiki kuwa sai da ya riƙa roƙonta ta huta. Ta faɗi sunayen gonaki na da, kafin a haƙa kanal. Ta faɗi yadda ake kiran kaji, da yadda ake gane shinkafa ta ji ƙishi, ta yi dariya, ta yi tari, ta zagi wani zakara da ya katse ta. Duk ya ɗauka. Ba a jima sosai ba Allah ya karɓi abarsa, kuma wannan ce kaɗai muryarta da ta rage a duniya, domin Kaka ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ko a biki ba.

A nan ne zan yi faɗa da mamaci, kuma Allah ya sani da ƙauna nake yi. Na roƙi Kawu ya ba ni kwafi. Na roƙe shi ya ɗora aikin a intanet inda ko gobara ba za ta ci shi ba. Na ce ni zan sayi datar. Ya kafe. Ya ce abin da bai gama ba ba ya fita daga ɗakinsa, ya ga abin da fitar da abu da gaggawa ya jawo masa. Ajiyarsa ɗaya ce, wani ɗan akwatin adana bayanai da ake jona wa kwamfuta, yana cikin gwangwanin alewa a kan tebur ɗin. Kwamfuta da ajiyarta a wuri ɗaya! Mutumin da ya koya mini cewa na'ura ba ta da wayo, shi ya yi wannan wautar. Muryar Kaka sai dai in na zo ya sa mini abin ji a kunne, in saurara, ya karɓe.

Ya faɗi ne a kan kujerarsa da rana tsaka, jini ya hau. Aka kai shi asibiti a Kano, bai kwana biyu ba ya cika. Na je Legas wani aiki, kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa. Na zauna aka yi ta karɓar gaisuwa da ni, ban iya ko kallon ƙofar ɗakin aikinsa ba. Sai bayan sadakar uku na yi ƙarfin hali na tura ƙofar. Tebur wayam. Wayoyin wuta suna reto, ga shacin kwamfutar a kan ƙura, ga kofin shayi. Gwangwanin alewa a buɗe, babu komai.

Anti ta faɗa mini tana kuka. Washegarin jana'iza da safe Kawu Babba ya shigo ya ce a ba shi kayan. Ya ce cike suke da hotunan masu rai da kiɗe-kiɗe, kuma muddin suna nan ana amfani da su, zunubin yana bin ɗan'uwansa har kabari. Ya ce zai sa a wanke su tas a ba da sadaka. Ita tana takaba, ko ƙofar gida ba ta fita, 'ya'yanta mata ne, shi ne babba. Me za ta ce?

Na san wannan al'ada, ba baƙuwa ba ce a wurina. Idan mutum ya rasu ana cewa a goge hotunansa daga wayoyi, a sauke su daga shafuka, don a sauƙaƙa masa. Da ƙauna ake yi. Ni kaina na goge hotunan wata ƙawata da iyayenta suka roƙa, ina yi ina hawaye. Amma wannan ba hoton biki ba ne. Aikin mutum ne na shekaru, kuma dukiyar magada ce da ba a raba ba. Da a ce injin ban-ruwa ya bari, ko buhunan taki, wa zai ɗauka washegari ya kyautar ba tare da ya tambayi kowa ba? Babu. Amma da yake gem ne, wasa ne, sai ya zama shara da kowa zai iya sharewa ya ce lada yake nema. Na tambayi wani malami daga baya, ya ce ko ma mene ne a ciki, ba a taɓa kayan mamaci kafin rabo, kuma da an tambaya da an ji. Ba a tambaya ba. Wanda ya ce tsoron Allah ne kaɗai ya tashe shi da sassafe, ni ban yarda ba. Akwai jar dara a cikin lissafin.

Na hau ɗan acaɓa na tafi kasuwar Kura wajen mai gyaran waya da aka kai wa. Ya ce ai an gama, Alhaji, wato Kawu Babba, ya tsaya a kansa sai da ya ga an share komai, an zuba sabbin abubuwa, an kai wa wata Islamiyya. Na ce akwatin ajiyar fa? Ya sosa ƙeya. Alhaji ya bar masa shi ladan aiki. Ya nuna mini shi a jone da tasa kwamfutar, ya cika shi maƙil da fina-finai da waƙoƙin da yake tura wa mutane a waya. Wato abin da aka share don gudun kiɗa, a kansa aka zuba kiɗan kasuwa. Na tsaya a rumfar nan har mutumin ya miƙo mini kujera.

Na bi kwamfutar har Islamiyyar, na karɓo duka biyun na tafi da su Kano. Ni da abokan aikina mun yi duk abin da muka sani, mun kai wa waɗanda suka fi mu sani. Idan an share abu aka bar wurin, sau da yawa ana iya tono shi. Idan an zuba wani a kai, ya tafi. Abin da muka samu bai wuce rabin hoton saniya ba, da wani yanki na taswirar gonaki, da 'yan layukan rubutu da ba su haɗa ma'ana. Na murya ko tari ɗaya ba mu samu ba.

Na jira har aka yi arba'in, don Umma ta roƙe ni kada in tayar da ƙura a kan makoki. Ranar da baƙi suka watse, bayan La'asar, na sami Kawu Babba a zaurensa shi kaɗai. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini. Ya amsa, ya ce ya ji labarin ina fushi. Ya ce yarinya ce ni, wata rana zan gane taimakon ɗan'uwansa ya yi.

Na tambaye shi ko ya buɗe ya ga abin da ke ciki kafin ya sa a share. Ya ce ba ya buƙata, ya san abin da ke ciki, duk garin nan sun sani.

Sai na faɗa masa, ban rage murya ba, ban kuma ɗaga ba. Na ce wanda ya sani tsohon ne, kuma tsohon yana cikin wayoyin mutane, ba a kwamfutar kaɗai yake zaune ba. Wanda ya sa aka share shi ne sabon, wanda aka cire mai jar dara daga ciki saboda Inna ta ce a cire. Na ce shekarun nan da yake ganin ƙaninsa a kulle a ɗaki, wanke shi yake yi. Yanzu babu sabon da zai kori tsohon, babu kuma mai iya gyara tsohon, don asalin rubutunsa ma a kwamfutar yake. Mai jar dara zai ci gaba da faɗawa kanal muddin akwai waya a Kura.

Ya ci gaba da jan carbi. Na ga ya haɗiye wannan, ya ɗauka shi ke nan. Sai na ce masa akwai muryar Inna a ciki.

Carbin ya tsaya.

Na ce ita ke buɗe wasan. Allo yana haske, sai a ga yaro babba ya ɗora ƙarami a wuya yana ratsa ruwa, sai muryarta ta shigo tana ba da labarin ranar da aka fara sakin ruwa a kanal, ta dawo daga kai abinci gona ta tarar ruwa ya raba ta da 'ya'yanta. Na haddace kalmomin don na sha ji, na kuma maimaita masa su yadda ta faɗa: "Babban ne ya ɗauki ƙaramin a wuya. Ruwa har ƙirjinsa, ina ta ihu ya koma, bai koma ba, bai kuma sake shi ba. Wannan ɗa nawa, in ya riƙe abu ya riƙe."

Ban taɓa ganin Kawu Babba ba hula ba sai ranar. Ya cire ta ya ajiye a gwiwa, ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago muryarsa ta zama ta wani tsoho da ban sani ba.

"Uwata, babu yadda za a yi a dawo da ita? Ko kaɗan?"

"Babu, Kawu. Kai ka tsaya a kansa ka ce a wanke tas."

Na tashi na sa takalmina. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba.

Mutane sun ce in sake gina wasan daga abin da na tuna, kuma na fara, a hankali, bayan na tashi daga aiki. Gonaki zan iya zanawa, da burtali, da yaron da ya ɗauki ƙaninsa. Wurin muryar na bar shi shiru, don ban ga wadda zan sa ba. Umma ta ce in yi da tawa tunda sunan ɗaya ne. Suna ne ɗaya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a inda ba a raba ruwa da layi. Ya yafe masa taurin kai da jar dara. Sana'arsa kuwa ba na roƙa masa gafara a kanta, domin halal ya ci, kuma ya iya. Wanda zai yi masa addu'a ya kira shi da abin da yake: mai ƙirƙirar gem, na ƙauyenmu, ƙanin Ummata.

Shi kuma mai rai, an ce mini yanzu ba ya zama a majalisa, kuma ya je wajen mai gyaran wayar har sau da dama yana tambaya ko an duba da kyau. Na ji, kuma ban ji daɗi ba. Amma ban kai ga yafewa ba tukuna, kuma ba zan rubuta a ta'aziyyar Kawu cewa na yafe ba.